Hannun Indo a Cikin Gero

Tun da idon Indo ya mutu, da hannu take ganin mutane. Jikokinta na ƙauyensu, Zermu, duk ta san su, wannan mai faɗin goshi, wancan mai kunne kamar marfin tukunya. Ta shafa, ta yi musu tsiya, su rama, a tashi ana dariya. Saura ɗaya: Habu, ɗan ɗanta Suma'ila, wanda aka haifa a unguwar Zango ta Damagaram bayan duhu ya rufe ta, aka kuma sa masa sunan mijinta marigayi. Shi kam ba ta taɓa ganinsa ba.

Don shi ta yarda ɗan nata ya ɗauko ta, ta yi rani a Damagaram. Tun a mota take shirya tsiyar da za ta yi wa yaron, irin wadda kowace kaka ke yi wa jikanta namiji. Ranar da ta sauka ta miƙa hannu tana cewa, "Ina maigidan nawa? Zo nan, ka bar ni ba cefane!" Yatsunta suka taɓa kumatunsa a hankali. Wayyo! Yaron ya ƙwalla ƙara kamar an ɗora masa garwashi, ya shige bayan randa yana buga kai da bango.

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Sakina, matar Suma'ila. "Haka yake yi wa kowa. Ba ya son taɓi, kuma maganarsa ba ta fi kalma biyu uku ba."

Kowa? Indo ba kowa ba ce!

Haka ranin ya tafi. Suma'ila ya fita da babur tun safe yana kabu-kabu, Sakina na kan keken ɗinki, Indo kuwa na kan tabarma a gindin bango, ba mai zuwa hira. Yaran maƙwabta ma an hana su shigowa, wai ɗan gidan yana da iska. Mutane da baki! Takan ji motsin Habu kusa da ita, yana wani gurnani a maƙogwaro, in ta ce "Maigida" sai motsin ya yi nisa. Abin yana cin ta ƙwarai. A ƙauye makanta ba ta taɓa sa ta kaɗaici ba, sai a nan, kusa da jininta.

Da aka fara jin ƙanshin hadari ta ce a mai da ita gida ranar Alhamis, in motar Zermu ta tashi daga kasuwa. Ta ɗaure ƙullin kayanta da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa don kowa ya gani.

Ana gobe tafiyar Sakina ta ce, "Inna, ki raka mu wurin Madam Nafisa mana, kafin ki tafi." Wani gida ne da ake koya wa irin su Habu magana da zama da mutane. Indo ta yi tsaki, amma ta laluba mayafinta.

A can ta ji igiyar lilo tana ƙara, ta ji ruwa a baho, ta ji wata murya mai sanyi tana gaishe ta da "Inna". Madam Nafisa ta ce larurar yaron sunanta otisim, ba iska ba ce, ba kuma ƙiyayya ba.

"Fatarsa tana jin abu fiye da tamu," in ji ta. "Shafa a hankali, a wurinsa kamar kiyashi ne ke bin jiki. Amma in aka danna da ƙarfi, yakan ji daɗi. Shi ya sa muke fara masa da wannan."

Ta kama hannun Indo ta cusa cikin wani babban kwano. Gero! Indo ta kusa yin dariya. Ashe abin da ta yi shekaru tana sussuka da sheƙa shi ne maganin mutanen birni. Ta murza, ta ji ɗan bana ne, ba a surfa ba.

"Ki ɗebo ki zuba masa a hannu, sannan ki tsaya," in ji Madam. "Kada ki neme shi, kada ki kira shi. Ki bari ya nema."

Ga tsohuwa mai baki irin Indo, wannan ya fi azumi wuya. Ta ji yaron ya zauna a ɗaya gefen kwanon, numfashinsa kusa. Ta cika tafi, ta ɗaga, ta saki. Daga ƙarar zubar ta gane geron ya sauka a kan fata, ba a kan ɗan'uwansa ba. Ta tsaya. Shiru. Bakinta na ƙaiƙayi, ta danne.

"Ƙara."

Muryar 'yar ƙarama ce, a shaƙe, kuma ba ta taɓa jin ta da kalma a ciki ba. Ta ƙara. Ya sake cewa, ta sake zubawa, har hannunta ya gaji ta nutsa shi cikin geron don ta huta.

Can ƙasa wasu ƙananan yatsu suka ci karo da nata. Ba su gudu ba. Suka bi kantar da taɓarya ta bari a tafinta, suka matsa, suka sake matsawa. Sai ya ciro hannun nata gaba ɗaya, gero na zuba, ya kifa shi a goshinsa, ya danna da hannayensa biyu da ƙarfin gaske.

Goshi ne mai tudu, da ɗan kwari a tsakanin gira. Ta san goshin nan, irin na mijinta ne sak. Shekara da shekaru ta shafe masa zufa in an dawo daga gona.

Kafin ta gangara zuwa hanci ya ture hannun, ya koma kan geronsa kamar ba a yi ba. Ta jira ko zai sake, bai sake ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don hannun da zai share ba ta so ya taɓa komai tukuna.

Da suka koma gida ya shige bayan randarsa kamar kullum, ita kuma ta koma tabarmarta a gindin bango. Da la'asar Suma'ila ya shigo yana cewa ya kama mata wuri a gaban mota.

"Ka je ka ba wani," in ji Indo. "Sakina, kwance ƙullin nan, ki samo mini gero a kwano."

"Inna, damina fa? Ke kika ce ba ki iya zaman nan."

"Har yanzu ban iya ba," ta ce. "Amma goshi kaɗai na gani. Ban ga sauran fuskar ba."