Jakar da Aka Sa wa Suna Tarkace

Malama Rauda ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Haka ta taso ta ga uwarta na yi, ita ma ta ɗora. "Yaron nan" take ce masa tun yana rarrafe har ya yi gemu, har ranar da mota ta kaɗe shi a Kwangila aka kawo mata gawarsa. A zaman makoki mata suka yi ta yaba dauriyarta. Ba su san cikinta ba.

Abin da ya rage mata na Auwal muryarsa ce: saƙonnin da yake aiko mata daga makaranta, yana tsokanarta, yana roƙon ta ajiye masa ƙanzo. Kafin wayarta ta lalace ta kwashe su ta zuba a wata jakar fayil cikin tsohuwar kwamfutar da ke falonsu a Tudun Wada. Da aka zo sa wa jakar suna, hannunta ya ƙi rubuta nasa. Sai ta rubuta "Tarkace", don kada kowa ya leƙa. In gida ya watse takan kunna ɗaya a hankali, ta yi kukanta ta share fuska.

Mijinta, Malam Kailani, tun da ya yi ritaya ba abin da ke tsira daga gyaransa, ko rediyon da ke aiki lafiya. Ran wata Asabar ta dawo daga kasuwa ta tarar ya kwance kwamfutar, ya hure ƙurar fankarta, ya mayar, yana zaune gabanta yana fara'a.

"Zo ki ga gudu," ya ce. "Nauyi ne ya yi mata yawa. Duk abin da ba shi da amfani na goge, na zubar da kwandon sharar, na sake mata sabon zubi."

Ko mayafi ba ta cire ba ta ja kujera. Ta duba inda jakar take, ta duba inda ba ta taɓa ajiye ta ba. Babu.

"Malam, akwai wata jaka a nan."

"Tarkacen? Ai da ita na fara. Ke da kanki kika rubuta."

Ta janye hannu daga kwamfutar. Ga shi ba wanda za ta ɗora wa laifi.

"Mene ne a ciki, Rauda?"

"Muryar yaron nan ce."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Tun da aka binne shi nake ƙoƙarin tuna yadda yake dariya, na kasa," ya ce. "Ashe tana cikin ɗakin nan. Ko sau ɗaya ba ki kunna mini ba?"