Filin Bappa na Bakin Ruwa

Garba na jan igiyar injin jirginsa, amma idonsa na kan rumfar Mariya mai suyar kifi. Shekara biyu yana zarya a rumfar nan, takalmi biyu ya kashe. Yau ga Bappa, ɗan kasuwar albasa da ya zo daga Kamaru ko wata bai cika ba, an ba shi kujera, har ana yi masa fifita da murfin kwali.

"Direba, ka kai shi sannu," in ji Mariya. "Bai saba da ruwa ba."

"Ni da na saba sai in nutse ko?"

"Kai ko kada ya haɗiye ka, surutu zai sa ya amayo ka."

Bappa ya shigo jirgi yana tattare farar shadda. Bayansa Elijah, akawun wani lauya a Yelwa, wanda Bappa ya ɗauko don ya rubuta yarjejeniya. Fili za su dubo wajen Ngaski. Wani dillali ne ya nuna wa Bappa, kuma yau da la'asar za a sa hannu.

Suna sauka Garba ya gane wurin. Fili shimfiɗe kamar faranti, ƙasa baƙa, ciyawa shar. Watanni kaɗan da suka wuce ta kansa ya bi da jirgi shaƙe da fasinja. Irin filin nan ne da ke fitowa in ruwan Kainji ya ja baya, ya ɓace in ya dawo.

Wani daɗi ya ratsa shi har ƙafa. Abin da zai yi kawai shi ne ya rufe baki. Bappa ya saya, ya gina, ruwa ya zo ya raka shi Kamaru.

Ya rufe kuwa. Har cizon leɓe ya yi.

Bappa na taku yana aunawa. "Nan rumbun albasa. Nan falo. Nan kuma ɗakin amarya, taga na duban ruwa. Mariya ta ce tana son iska."

"Alhaji," bakin Garba ya suɓuce, "ka sa mata tagar a rufi. In na zo wucewa ta sama mu gaisa."

Bappa ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro. "Direban ga akwai barkwanci."

Dariyar ce ta ƙarasa Garba.

"Barkwanci? Ɗaga kanka." Ya nuna wata bishiya, can sama da hular Bappa, inda tsohuwar ragar kamun kifi ta maƙale a reshe. "Waccan, tsuntsu ne ya kai ta? Nan da wata uku, wanga falo naka tarwaɗa ce za ta karɓi baƙi ciki."

Bappa ya daɗe yana kallon ragar. Sannan ya zaro takardar dillali daga aljihu ya miƙa wa Elijah, wanda sai yanzu ya gan ta.

Elijah ya karanta, ya juya bayanta. "Alhaji, wannan izinin noman rani ne, na shekara ɗaya, kuma da sunan wani. Ba a sayar da shi. Balle kai baƙo daga wata ƙasa, in babu amincewar gwamnati a rubuce, gobe aka tashe ka, ko kotu ka je ba abin da za ka nuna sai tafin hannunka."

Garba ya juya jirgi suka dawo Yelwa. Ya so ya ciro harshensa ya jefa wa kifi.

A rumfa Bappa ya kwashe labari ya ba Mariya, yana riƙe da hannun Garba gam.

"Ashe kana da rana," ta ce.

"To yanzu sai komawa gida, Alhaji?" Garba ya tambaya da ɗan sauran fata.

"Ina? Elijah ya ce akwai fili na haya a tudu, mai takardu, ogansa zai bi mini komai ta hanya."

"A ina?"

Elijah ya nuna bayan rumfar Mariya da haɓa. Ko tari Bappa ya yi daga can, za ta ce masa sannu.

"Kuma ni ba ni da kowa a garin nan," Bappa ya ci gaba. "Ranar da za a kai gaisuwa gidan su Mariya, kai zan sa gaba. Bakinka na da albarka. Ka yarda?"

Garba ya dubi Mariya. Ta tsaya da matsami a hannu tana jiran amsarsa, fuskarta cike da murna.

"Wace rana ce?" in ji shi.