Burodin da Ba Shi da Uwa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun kafin in faɗe shi ina so kowa ya sani: burodin ayaba wanda babu ƙwai, babu madara, babu man shanu a cikinsa, ni na fara ganinsa a garin nan. Idan gobe kuka ji yaran nan masu latse-latsen waya suna cewa su suka gano shi, ku ce musu Nomau mai haƙar rijiya ya riga su. Ban taɓa shiga aji ba, ko don fakewa daga ruwa. Amma rijiya ta rufta da ni aka tono ni da raina, na ga shekarar da mutane suka ci dusa, na yi sanƙarau na miƙe. Mutum irina ba ya ƙara wa magana gishiri.

Matata Hansai ce sanadi. Tun da aka sallamo ta daga asibiti likita ya hana ta ƙwai da madara da maiƙon dabba, ita kuma ta yi fushi da abinci gaba ɗaya. Loma ɗaya sai ta ture kwano. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Matar da a da babu bikin da za a yi a unguwarmu ba a ci kek ɗinta ba. Jiya da yamma tana kallon bango ta ce, "Malam, kek nake marmari." 'Yarmu ta ce, "Inna, kek ba ƙwai ba bota ai ba kek ba ne." Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a tsakar gidana da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Ya jiƙa min tafin ƙafa da ƙasan haɓa, hulata kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba. Na sha ganin ruwa yana fitowa daga ƙasa, aikina ke nan.

Na duba ɗaki, babu Hansai. Na duba bayan gida, babu ita.

"Malam, ɗaga kanka."

Tana sama, daidai tsayin bishiyar darbejiyarmu, a zaune kan iska ta miƙe ƙafafu yadda take zama a tabarma. An ɗaure ƙafarta da igiyar guga, ɗaya bakin igiyar kuma a jikin turmi.

Na ce, "Ke, me kike yi a can? Maƙwabta za su gan ki."

"Nauyi ne ya ƙare min."

"Sauko."

"Da me zan sauko? Cikina babu komai. Kawo min kek."

Na kama igiyar na ja. Hannun nan nawa ya jawo jaki daga rijiya, amma Hansai ko motsi ba ta yi ba. Sai ma na ji ƙas. Zare ɗaya na igiyar ya tsinke, ya murɗe kansa a hankali. Na saki da sauri. Na san igiya. Idan ta fara irin wannan, ba ta fasawa.

Na nufi akurki. Da na sunkuya na shiga sai na gan shi da faɗi, har da fanka da benci na masu jira. Jar kazarmu tana bayan tebur, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Dattijo, lafiya?"

"Ƙwai nake so."

"Ƙwan wa?"

"Naki mana. Ba ni nake ba ki tsaba ba?"

Ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. "Ni da nake cin tsabarka na taɓa cewa ka ba ni ɗanka? A garin nan duk abin da ke da uwa ba ya shiga kwano. Ka fita ta inda ka shigo, ka kuma kula da kanka, ƙofar gajeruwa ce."

Na buge kai a ƙofar.

A waje wata farar saniya tana jirana, sanye da kakin dubagari, ta soke alƙalami a bayan ƙaho. Na ga hantsarta cike. Na buɗe baki.

Ta ce, "Kada ma ka fara."

"Ranki ya daɗe, ko ludayi ɗaya ne. Matata ce za ta tafi."

"Ɗan maraƙina ma jira yake. An turo ni in bi ka, in shinshina duk abin da za ka zuba. Idan na ji warin uwa a ciki, zan kifar da kwanon."

Can sama na ji ƙas.

Hansai ta ƙwala min kira, muryarta ta ɗan yi nisa. "Malam! Ayaba! Tana riƙe ƙulli kamar ƙwai. Nemo wadda ta nuna sosai!"

Kasuwar garin a cikin rijiya take ci. Na sauka da ƙafa da baya, yadda na saba, saniyar tana biye da ni tana taka bango kamar ƙadangare. A ƙasa ayaba suna zaune a jere kan benci. Rawaya-rawaya, santala-santala, duk samari. Na yi musu sallama na faɗi buƙatata. Suka dubi juna suka kwashe da dariya.

Ɗaya ya ce, "Baba, mu na tire ne. Mota muke jira."

A ƙarshen bencin akwai wani tsohon ayaba shi kaɗai, ya yi baƙi, jikinsa duk tabo, ƙudaje suna kai masa gaisuwa. Ya matsa min wuri. Na zauna. Na dubi bayan hannuna na dubi bayansa, kusan launi ɗaya.

Ya ce, "Na ji ka. Waɗancan ba su da zaƙi tukuna, kuma ba sa dagargajewa. Ni gobe bola za a kai ni. Mu tafi."

Saniya ta tare hanya. "Tsaya. Me ake kiran irinku?"

"Ayaba."

"Ku da mangwaro da gwanda, a haɗe."

Na gane inda ta dosa.

Ta ce, "'Ya'yan itace. 'Ya'ya. Ashe kana da uwa."

"Ina da ita a da. Uwar ayaba sau ɗaya take haihuwa. Ranar da aka yanke mu, ranar aka sare ta."

"Ka ga abin ya ƙara muni. Maraya ne kai. Wa zai ci maraya a gabana?"

Tsohon ayaba ya yi tari. Ya ce, "Hajiya, dube ni da kyau. Dubi wannan da ke gefena. Shi ma uwarsa ta rasu tun ba a haife ki ba. Kin taɓa jin an kira tsoho maraya?"

Saniya ta yi tuƙa, ta yi tuƙa, tana kallon bakin rijiya. Ta ce, "Ban taɓa ji ba." Ta kauce.

Sai ga ni a madafi. Ni da tun da na yi aure ban san inda ake ajiye muciya ba. Tukwane duk sun juya min baya. Na leƙa waje. Hansai ta wuce darbejiya, igiyar ta ƙara tsawo ta ƙara siranta, turmin ma ya fara ɗaga gindi ɗaya. Na ɗora masa dutsen niƙa.

"Ɓare shi ka murje da cokali!"

Tsohon ayaba ya tuɓe rigarsa da kansa, ya ninke ta, ya kwanta a kwano. Ya ce, "Kada ka ji nauyina. Ka bar 'yan gudaje kaɗan, a san na zo." Na murje shi. Ƙamshi ya cika madafin.

Na zuba man gyaɗa. Saniya ta shinshina ta ce, "Gyaɗa fa?" Na ce, "Ranki ya daɗe, a ƙarƙashin ƙasa na san ta, ban taɓa ganin kowa nata ba." Ta bari. Sukari ya shiga. Fulawa ta ƙi zubowa ƙasa, sai da na kifa kwanon a kanta na juyo shi da sauri. Gishiri kuma na ɗebo da hannuna na watsa.

"Me zai sa ya tashi?" na tambaya da ƙarfi.

"Hodar kek! Tana kan kanta!"

Na duba, gwangwanin hodar a buɗe, ruwan nan mai tafiya sama ya tafi da ita. Na faɗa mata. Ƙas. Sannan muryarta ta sauko, siririya.

"Jiƙa kanwa. Jiƙa tsamiya. Kada su haɗu sai a cikin ƙulli."

Kanwa da tsamiya ba sa ga maciji a garin. Tun daga kofunansu suke zagin juna. Na zuba wannan ta dama, na zuba waccan ta hagu. Suka haɗu a tsakiya, faɗa ya kaure, ƙullin ya yi kumfa yana huci. Na sa ƙarfi ina juyawa don in raba su.

"Malam! Ba kwaɓin laka ba ne! Juya kaɗan ka bari!"

Daga can ta ji hannuna. Haka take.

Na jawo buhun da take tara gwangwanayen gashin kek. Na ɗauko ɗaya zan shafa masa mai. Saniya ta sa hanci a ciki ta daɗe. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla.

"Na madara ne."

"An wanke shi tun shekaru!"

"Gwangwani ba ya mantuwa. Wannan ƙanwar uwata ce."

Na zazzage buhun. Duk na madara ne, sai ɗaya na kifi, shi ma wai yana da uwa a teku. Ƙullin yana kumfa, na san idan kumfar ta kwanta shi ke nan. Na duba ko'ina. A lungu na hango tsohon bokitina na ƙarfe, wanda ake zura min in cika shi da ƙasa a janye. Saniya ta shinshina shi ciki da waje. Ta ce, "Wannan bai taɓa ɗaukar komai ba sai ƙasa da guminka. Zuba."

Na zuba yashi a babbar tukunya, na zaunar da bokitin a kai, na rufe. Wutar garin nan zuwa ƙasa take ci, don haka na jera garwashi a kan murfi. Na tsuguna.

Jiran nan ya fi zaman da na yi a ƙarƙashin ƙasa lokacin da rijiya ta rufe ni. A can ni ake nema. A nan ni ke kallo. Igiyar ta koma zare ɗaya, kamar na ɗinkin hula. Hansai ta zama kamar shirwa. Na naɗe zaren a yatsana, na miƙa ɗaya hannun ga murfi.

"Kada ka buɗe."

Da ƙyar na ji ta.

"Hansai, zaren zai tsinke!"

"In ka buɗe zai faɗa. Bar shi."

Ban taɓa bin umarnin kowa ba a rayuwata, ku tambaya. Na janye hannuna. Zaren ya tsinke. Ko ƙara bai yi ba, sai dai na ga guntunsa yana lilo a yatsana.

Saniya ta cire hularta.

Sai murfi ya motsa. Garwashi ya zube. Burodin ya fito daga bokitin da kansa, ja-ja-jur, bayansa ya tsage a tsakiya yana tururi. Ya tsaya daidai fuskata kamar zai yi sallama. Sannan ya tashi. Ya wuce katanga, ya wuce darbejiya, ya bi ruwan nan sama. Ina ihu ina cewa dama, dama, ka yi dama! Ya yi hagu. Hansai ta tuɓe ɗankwalinta ta wurga, ta cafko shi.

Ba na ganin fuskarta. Na ga dai hannu ya tafi baki. Gari ya yi tsit, kazar ma ta fito ƙofar ofis tana kallo.

"Malam."

"Na'am!"

"Gishiri ya yi yawa."

Hannun ya sake tafiya baki. Sai na fara ganin tafin ƙafarta, da farko kamar ƙwayar gero, sannan kamar ganyen zogale. Tana saukowa, amma a hankali ƙwarai, kuma burodin yana ƙarewa. Na hau turmi na miƙa hannu. Saura kaɗan. Saura ɗan kaɗan.

Ƙarar cokali a jikin kwano ce ta tashe ni. Gari ya waye. Hansai tana zaune a bakin gado da kwanon koko a cinyarta, tana kankare gefensa. Ba ta sha da yawa ba, amma gefen kwanon ya nuna an taɓa. Kafin in san abin da nake yi na damƙe idon sawunta da hannu biyu.

Ta ce, "Malam, lafiya? Sakar min ƙafa, za ka zubar min da koko."

Ban saki ba sai da ta kai cokali baki a gabana.

Yau bayan la'asar zan gasa shi da ido biyu, a tsakar gidana, ba ƙwai ba madara. Duk wanda ya ce Nomau ya tsufa ya fara sambatu, ya zo ya tsaya a ƙofa ya kalla, ya taho da askarsa. Idan Hansai ta ture wannan burodi ba ta ci ba, ga gemuna, ya aske shi a bakin kasuwa.