Numfashin Babur ɗin Baba Kure

"Sake takawa, Maman Marvel! Da ƙarfi!"

Naomi, wato Maman Marvel, ta sake dira ƙafa a kan kik ɗin tayar da babur. Ya sulale ƙasa ba gardama, kamar ta taka jiƙaƙƙen tsumma. Babur ɗin ko tari bai yi ba. Mai tarin yana can a baranda, wato Baba Kure, maƙwabcinta, jingine a jikin matarsa Mama Justina mai wannan kiran, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa yana sauka.

Tun da safe numfashi ya ƙi masa. Maza kuwa duk sun bi bas sun tafi aiki cikin gari, haka layin nan na ƙarshen Kubwa yake, da hantsi sai mata da tsofaffi. Ruwan jiya ya cinye kwalbatin bakin layi. Mai keken da Naomi ta kira ya zo ya leƙa ramin, ya ce a yi haƙuri, ya juya abinsa. Baba Kure kuma ba mutumin da mata biyu za su ɗauka ba ne. Abin da zai ratsa laka ya kai shi titi don a wuce asibiti abu ɗaya ne tak, wannan tsohon babur mai ƙafa huɗu da ya saya a gwanjo lokacin da gwiwa ta hana shi zuwa gonar doyarsa. Naomi ta iya tuƙa mashin tun tana yarinya a ƙauyensu. Tuƙi ba shi ne matsalar ba, abin ne ya ƙi tashi.

"Mai akwai?" Baba ya tambaya, kalma na fita da ƙyar.

"Akwai, Baba. Tanki a cike."

"Kik... yaya ki ji shi?"

"Laushi. Ba ya riƙe ƙafa sam."

Ya lumshe ido. "To numfashi ya ƙare."

Mama Justina ta ƙwalla ƙara: "Yesu! Kure, kar ka faɗi haka!"

"Ba ni ba... mashin." Har ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. "Ku mata... da saurin kuka."

Haka yake. Shekara da shekaru yana gyaran babura a bakin kasuwa, kuma bai taɓa yarda ya ce kwamfireshan kamar sauran makanikai ba. Shi a wurinsa inji numfashi yake yi, ya ja iska da mai, ya matse, ya fesar. In matsewar ta yi rauni, ko wuta da mai sun cika, a banza.

"Jikanmu Enoch ne," in ji Mama Justina, tana shafa masa baya. "Da ya zo hutu ya zuba masa fetur zalla, babu tuti, man injin nan. Na faɗa masa wannan inji ba ya shan fetur sai an gauraya da man."

"Bar yaron," Baba ya ce. "Sifana... a ƙarƙashin sit. Cire fulogi."

Naomi ta ɗauko sifanar, ta suɓuce mata ta faɗa cikin laka. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Mutumin nan ne ya ara musu ruwa da wuta ranar da suka tare a gidan nan ba su san kowa ba. Ta tsamo sifanar, ta goge a zaninta, ta murɗa har fulogin ya fito.

"Sa babban yatsa... toshe ramin. Justina, je ki taka."

"In bar ka?"

"Bango yana nan."

Mama Justina ta jingina shi da bango, ta sa masa matashi, ta ɗaure zani tamau. Tsohuwa mai jikoki ta kama kan babur, ta taka. Naomi ta ji wata 'yar iska ta sumbaci yatsanta, shi ke nan.

"Ya ture ki?"

"A'a, Baba. Ɗan huci kawai."

"Inji mai lafiya... sai ya ture yatsa, puf." Ya tsaya neman iska, tsayawar da ta yi tsawo har matan suka waiwayo tare. Leɓɓansa sun yi toka-toka. "Tuti. Cikin murfi ɗaya. Zuba a ramin. In ya ture ki... ringin inji ne ya cinye, man zai toshe, zai kai mu. In bai ture ba..."

Mama Justina ta miƙo gorar tutin.

Naomi ta tsiyaya man, rabi a ramin rabi a hannunta. Mama ta taka a hankali don ya zagaya. Sannan Naomi ta danna yatsa, ta rufe ido, tana ta Allah, Allah a zuci.

"Taka, Mama!"

Puf! Yatsanta ya yi sama.

"Baba, ya ture ni! Wallahi ya ture ni!"

"Yawwa," ya ce a hankali. "Mayar da fulogi. Kar ki matse... da mugunta."

Ta mayar, ta ɗaura, ta sa wa fulogin hularsa. Wannan karon da ta hau kik ɗin sai ta ji ya yi mata taurin kai. Ta taka, ya yi tari. Mama na gefe tana "Da sunan Yesu, da sunan Yesu." Ta sake takawa, ta sake, gumi na shiga mata ido. Sai kawai injin ya ɓarke da kuka, tatatata, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, kaji suka watse.

"Ya tashi! Mama, kamo shi ta can, ni ta nan!"

Suka ratsa hayaƙin a guje. Baba Kure na nan yadda aka jingina shi, kansa ya ɗan karkata wajen babur ɗin, irin karkatar da yake yi in yana sauraron inji.

"Kure, tashi mana. Ka ji shi ai. Kure?"

Naomi ta durƙusa. Ba ta san lokacin da ta kai babban yatsanta ƙasan hancinsa ba. Ta jira. Ta ƙara matsawa da shi, ta riƙe nata numfashin don kada ya ruɗe ta. Ko ɗan hucin nan babu.

A bayansu injin ya ci gaba da bugawa shi kaɗai, har ya fara sassautawa, ya yi tari, ya mutu. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Da Naomi ta janye hannunta, yatsan ya bar baƙin tabon mai a saman leɓensa. Mama Justina ta kama bakin zaninta, ta jiƙa da yawu, ta shiga goge masa a hankali.