Mai Tsani a Bakin Tanki

Har yanzu Mai Tsani ake kiransa, ko da yake an jima rabon da ƙafarsa ta taka tsani. Tun yana saurayi yake wanke tagogin mutane, da bokiti da soso da tsumma a kafaɗa. Shekarar da ya zame daga tsani ya faɗo ya karya ƙugu, 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke ce wa Auta, ta ajiye aikinta a wani shagon kayan famfo ta karɓi sana'ar. Ba ta yi shawara da kowa ba ta jingine tsanin a bayan gida, ta ɗaure shi da sarƙa.

Ita ta kawo sabon tsari. A bayan motarsu ta kafa tanki da tukwane uku na tace ruwa, ta sayo doguwar sanda da ake zarowa gaɓa-gaɓa har ta kai hawa na biyar, da buroshi a kanta. Duk gidan da suka je sai su ja tiyo daga famfon gidan. Ruwan ya bi ta tukunya ta farko ya bar yashi da tsatsa, ta biyu ta cire masa warin magani, ta ukun kuma cike take da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, masu tsotse gishirin da ido ba ya gani. Wannan gishirin shi ke barin farin tabo idan ruwa ya bushe a gilashi. In an raba ruwa da shi, sai mutum ya tsaya a ƙasa ya goge taga da buroshi, ya ɗauraye, ya bar ta a jiƙe. Da kanta take bushewa tas.

Da farko Mai Tsani ya ce wannan aikin ragwaye ne, ina aka taɓa barin taga tana ɗigar ruwa a ce an gama. Auta ba ta yi musu da shi ba. Ta wanke tagar wani kanti a gabansa, suka zauna har ta bushe. Ya je ya duba ta gefe, ya duba ta ƙasa, ya hura mata iska, sannan ya dawo ya ce a tafi gida na gaba.

Su uku ne a motar. Akwai Gajere, magidanci mai furfura a gemu, wanda tsayinsa bai wuce kafaɗar Auta ba amma shi ke riƙe da sandar da ta fi kowacce tsawo. Auta na riƙe ƙaramar sanda, ita ce kuma mai magana da masu gidaje. Mai Tsani kuwa aka ba shi kujerar roba a bakin tanki, da wani ɗan ma'auni mai kama da biro. Aikinsa shi ne lokaci-lokaci ya tari ruwan da ke fitowa daga tukunya ta uku a kofi, ya tsoma ma'aunin, ya karanta lambar da ta fito. In sifili ce, a ci gaba. In ta fara hawa, ƙwayoyin sun gaji ke nan, a tsaya a canza su.

"Baba, duk aikin nan a hannunka yake," in ji Auta ranar da ta miƙa masa ma'aunin. Ya san ta faɗa ne don kada ya ji an mayar da shi ɗan kallo, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya ga gaskiya ce. Ya riƙe aikin da kyau. Ya koyi ruwan kowane layi: inda ke cin ƙwayoyi da sauri, da inda tukunya ɗaya ke daɗewa.

Idonsa na hagu ne ya fara dushewa. Sai ya ga kamar an shafa wa duniya mai da yatsa. Ya riƙa rufe shi yana karatu da na dama, ya yi watanni a haka. Daga baya na daman ma ya bi sahu. Manyan abubuwa yana ganinsu, mota mota ce, Gajere Gajere ne, amma baƙaƙen lambobin nan a kan ɗan farin fili sai suka koma kamar tururuwa a cikin hayaƙi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya san 'yarsa. Wadda ta sa wa tsani sarƙa ba za ta yi wahalar ɗauke kujerar roba ba, kuma ya riga ya ɗanɗana zaman gida lokacin ƙugu, shi da rediyo da matarsa tana tambayarsa ko zai sha ruwa. Sai ya samo dabara. Kusan kowane gini da suke zuwa yana da maigadi, kuma babu maigadin da ba ya son hira. Sai ya jawo mutum kusa, a taɓa maganar ƙwallo ko ta tsadar kaya, can ya miƙa ma'aunin ya ce, "Duba min nan, ɗan'uwa, rana ta kashe min ido." A faɗa masa, shi kuma ya ɗaga murya ya sanar da Auta. Har yabonsa ake yi cewa dattijon nan akwai son mutane.

Akwai wani ginin ofisoshi mai hawa biyar da suke wanke wa duk wata, fuskarsa gilashi ce tun daga sama har ƙasa. Ranar da abin ya faru, da suka iso sai aka ce ruwan gari ya ɗauke, ginin ya koma kan rijiyar burtsatse da ke bayansa. Dole motar ta zagaya baya, wani lungu tsakanin ɗakin janareta da bolar shara, inda ba mai wucewa. Maigadin da ya saba karanta masa lamba yana can bakin ƙofar gaba, ba zai bar wurin ba. Aka ja dogon tiyo ya zagaya ginin, Auta da Gajere suka bi shi suka ɓace, aka bar Mai Tsani shi kaɗai da ƙarar janareta.

Ya san ruwan rijiya ya fi na famfo nauyi. Ya kuma san ba a daɗe da canza ƙwayoyin ba. Ya auna waɗannan biyun a ransa ya ga kamar za su kai. Ya tari ruwa, ya tsoma ma'auni, ya kai shi dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya juya wa rana baya. Ya ga wani abu mai zagaye. Sifili zagaye take, amma haka ma shida da takwas da tara. Ya ɗan kurɓi ruwan ko harshe zai gaya masa, harshen bai ce komai ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, nawa?"

"Sifili."

"Ruwan rijiya ne fa. Ka riƙa dubawa akai-akai."

"Ni za ki koya wa?"

Ta sake kira da suka gama hawa na biyar, ta sake da suka gama na huɗu. Amsar ɗaya ce. Sau ɗaya ya miƙe da niyyar ya taka har ƙofar gaba da kofin a hannu, ya yi 'yan taku, sai ya tuna dole ya wuce ta gaban Auta. Ya koma ya zauna.

Da rana ta juyo ta bugi fuskar ginin, tagogin sama sun riga sun bushe. Manajar ginin, wata mata mai yawan murmushi da ƙarancin magana, ta sauko da kanta ta ce Auta ta biyo ta sama ta ga wani abu. Mai Tsani bai ga wannan ba, Gajere ne ya zagayo baya da sanda a kafaɗa ya ba shi labari.

"Baba, hawa uku sun tashi a banza. Kamar an watsa musu madara."

"Buroshinka ne da datti."

"Buroshina sabo ne," in ji Gajere, ya jingine sandar ya zauna a kan tayar mota yana matsa wuyansa.

Auta ta dawo. Ta kashe famfo, ta hau bayan motar, ta kwance tukunya ta uku, ta juye ƙwayoyin a buhu ta zuba sababbi. Ta sake kunna ruwa ta bar shi ya zuba a ƙasa na ɗan lokaci. Sannan ta tara a kofi, ta karɓi ma'aunin daga hannun mahaifinta ta tsoma, ta miƙa masa.

"Yanzu fa, Baba?"

Ya duba yadda ya saba, da ɗan ɗaure fuska irin ta mai aiki. Sababbin ƙwayoyi ne, babu abin tsoro.

"Sifili."

"Ban kunna ma'aunin ba," in ji Auta.

Gajere ya tashi ya ce bari ya je ya naɗe tiyon gaba, ko da yake tiyon ba ya buƙatar naɗewa. Janareta na ta ƙara. Mai Tsani ya ajiye ma'aunin a cinyarsa.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"An ɗan jima."

"Duka biyun?"

"Na hagu ya fi."

Ta gyaɗa kai. Ta danna ma'aunin, ta duba da kanta, ta sa shi a aljihun rigarta. Suka sake wanke hawa ukun nan tun daga farko, ita tana zagayowa baya tana auna ruwan da kanta duk bayan 'yan tagogi. Shi kuma yana zaune a kujerarsa, ba a ce ya tashi ba, ba a kuma tambaye shi komai ba. Da suka gama manajar ta leƙo ta ce ya yi, a wata mai zuwa dai a kula. A hanyar komawa ba wanda ya kunna rediyo.

A gida matarsa, wadda yaran ke kira Inna, ta saurari Auta har ta gama, tana ninke wanki.

"Ai na sani," ta ce. "Mutumin da ke zuba gishiri a shayi ya shanye don kada a gane."

"Kin sani, Inna, ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ki zaunar min da shi a gida? Ke ba ki san yadda na sha da shi ba lokacin ƙugu."

Mai Tsani yana daga ɗaki yana jin su. Ya yi gyaran murya don su san yana ji, ba wadda ta rage murya.

Auta ce ta kai shi asibitin ido. Ya tafi da shirin jin mummunan labari, har ya fara tunanin wanda zai riƙa ja masa sanda. Likitan ya haska masa fitila a ido, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, kuma irin wannan aikin suna yin sa kullum kafin su karya kumallo. Ya tambayi dalilin da ya sa aka bari har ta yi kauri haka. Auta ta dubi mahaifinta, mahaifinta ya dubi bango. Aka ce za a fara da na hagu, in ya warke a yi ɗayan.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Zaman jinya ne ya yi masa tsawo: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki kaya, kada ruwa ya shiga, ga Inna da kwalbar maganin ɗigawa tana bin sa ɗaki-ɗaki. A wannan tsakanin Auta ta ɗaura ma'aunin a igiya ta rataya a wuyanta, tana aiki biyu. Yana jin shigowarta da yamma, tana jan ƙafa. Bai tambaye ta ko za ta mayar da shi bakin tanki ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba.

Da likita ya sallame shi, washegari da safe ya sa kayan aikinsa ya fito ya tsaya a jikin mota da baƙin tabarau. Auta ta fito ta gan shi. Ta koma ciki ta ɗauko kujerar roba ta jefa a baya.

"Da sharaɗi, Baba. In ka ce sifili, zan zo in gani da idona. Har sai na gaji."

"Ki zo mana. Ƙafarki ce."

Gidan farko wani ɗakin shan magani ne mai hawa biyu. Ya tari ruwa, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya duba. Lambar ta fito baƙa ƙirin, har da ɗan tsagewar da ke gefen gilashin ma'aunin, wadda bai san da ita ba. Ya faɗa, Auta ta zo ta duba, ta koma bakin aikinta.

Sai dai idon bai tsaya a kan ma'auni ba. Daga kujerarsa ya ɗaga kai ya bi sandar Gajere da kallo, ya ga yadda buroshin ke sharar tsakiyar taga ya tsallake kusurwar sama. Ya ga yanar gizo-gizo a ƙarƙashin firam ɗin taga. Ya ga inda Auta kanta ta yi saurin ɗauraya.

"Gajere, koma ta biyun nan. Kusurwar dama."

"Na yi ta, Baba."

"Ba ka yi ba. Ga ta can tana kallona."

Gajere ya koma. Kafin azahar an mayar da shi taga huɗu, Auta kuma biyu. Da suka zauna cin abinci a inuwar mota, Gajere ya matsa kusa da Auta ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Wai yaushe za a yi masa ɗaya idon?"

"Wata mai zuwa."

"Ni dai da za ki ji shawarata, a bar shi haka. Ido ɗaya ma ya ishe mu."

Mai Tsani ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya ce Gajere ya yi sauri ya gama, akwai ta ƙarshe a hawa na biyu da bai gamsu da ita ba.