Kifin Sawakin a Miyar Gayya

A zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, Sada ya dawo Wagini daga hajji, cikin tsarabarsa har da busasshen kifi da ya samo a Sawakin, bakin Bahar Maliya. Dangin talibambam ne, mai ɗigo-ɗigon fari, bakinsa kamar na aku. Masuntan can sun ce masa cikin duwatsun murjani yake zama, yana gurgurar su da haƙora, in ya tsorata sai ya haɗiyi ruwa ya kumbura kamar ƙwarya. Suka ja masa kunne cewa ba a cinsa. Shi ma ya ga wani matuƙin jirgi da ya ci, leɓɓansa suka mutu, kafin rana ta faɗi an yi masa sutura.

Ranar gayyar gonarsa, yayarsa Kande ta zo daga ƙauyen Babban Duhu ta kama girki. Bayan an kai tuwo gona, Sada ya shiga ɗaki, ya ga ragayar da ya aje kifin babu komai.

"Yaya, ina kifin nan?"

"Na daka rabi a miya, daddawa ce ta gaza, sauran na madafa. Kai ma dai, a aje kifi ana kallo?"

Ko takalmi bai sa ba, ya ruga gona. Ya iske an suɗe akusa, 'yan gayya na hutawa gindin gawo. Ya bi su ɗaya-ɗaya.

"Ciji leɓenka. Kana ji?"

Suna ta dariya. Mani kaɗai, maƙwabcinsa, wanda ya kwashe ƙasan miya, bai yi dariya ba.

"Alhaji, harshena ya yi nauyi."

Aka ɗura wa Mani ruwan gishiri ya yi ta amai, aka kwantar da shi a inuwa. Kande ta iso tana salati, ta durƙusa tana yi masa fifita, ta kasa kallon ƙanenta. Sada kuwa ya kafa ido kan ƙirjin Mani, kowane numfashi sai ya ji kamar shi ne na ƙarshe, yana tunanin bakin da zai faɗa wa Ma'u, matar Mani.

Inuwa ta miƙe, aka yi la'asar nan bakin gona. Can Mani ya motsa yatsu, ya lashi leɓe.

"Akwai sauran fura?"

Kande ta fashe da kuka. Kafin Sada ya tashi ya ɗauko goran fura, sai wani ya miƙo.