Kitson da Uwar Safa Ta Bari

Gidan marayun da ke bayan coci a Talata Mafara ɗaki biyu ne da rumfa, sai tukunya ɗaya da ba a taɓa ganin ta cika ba. Juliana, matar Iliya ma'aikacin noman rani, ita ke zuwa kullum da hantsi ta yi wanki, ta yi wa yara wanka, ta ɗora girki, don Allah kawai. Mace ce mai kafiya. Mijinta ma yakan ce idan Juliana ta tsuke baki, mai hankali sai ya canza hanya.

Cikin yaran akwai Safa, 'yar shekara bakwai, wadda aka kawo daga wani ƙauye a yankin Maradun bayan 'yan bindiga sun shiga musu. Ta zo da kitso ƙanana a kanta, aikin hannun uwarta, an yi shi ana gobe abin zai faru. Uwar ba ta fita da rai ba. Tun daga nan Safa ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai. Za ta ci abinci, za ta yi shara, amma hannu ya doshi kanta sai cizo, kuma Juliana na da shaidar haƙoran a damtse.

Damina ta wuce, kitso ya tsufa ya cukurkuɗe, kwarkwata ta samu gida. Daga kan Safa ta bazu zuwa sauran yara, kowa sai susa, ga shi ko sabulu sai an yi dabara. Dattijo Hosea, tsohon malamin asibiti da coci ta ɗora wa kula da gidan, ya ga abin ya ishe shi. Ba mugu ba ne, a gaskiya, shi dai irin mutanen nan ne da in ƙafa ta yi ciwo sai su fara neman zarto. Ranar Asabar ya aika aka kira Isa wanzami ya zo ya aske yarinyar ƙwal.

Juliana na tsakiyar wanki ta ji sallamar wanzami. Kafin a gama gaisuwa, an tambayi gida da aiki da gajiya, Safa ta riga ta gane. Ta shige bayan randa ta rufe kanta da hannu biyu, ba kuka, ba motsi. Wannan shirun ne ya tayar wa Juliana da zuciya, ta ji haushi har wuya.

"Baba, ɗiyag ga ba a aske ta," in ji ta.

"Maman yara, ki dubi kan sauran," in ji Hosea. "Don mutum guda a bar goma cikin wahala? Gashi na, shina tsirowa."

"Gashi shina tsirowa, Baba. Hannun uwatta fa? Sun ƙone gidansu, sun kwashe shanunsu, abu guda da ta fito da shi shi na mu kuma za mu kankare? Mu da munka ce don Yesu muka aikin ga?"

"To mi kika so a yi? Ko taɓa ta ba ta bari."

"A ba ta lokaci."

"An ba ta. Malam Isa, bismilla."

Isa ya shimfiɗa buzunsa, ya buɗe zabira, ya fara wasa aska. Juliana ta goge kumfar hannunta a zani, ta tako ta zauna daram a kan buzun, ta kwance ɗankwali ta ajiye a cinya. Gashinta mai yawa ne, furfura ta fara ratsa shi.

"Ni ma ina susa tun makon jiya," ta ce. "In askewa aka yi, a fara da babba."

Wanzami ya ja da baya har ya kusa taka zabirarsa, ya kau da fuska gefe.

"Subhanallahi. Dattijo, ni ba ni ɗora aska bisa kan matar mutum. Tun kakana ba a yi ba. Ta rufe kanta, don Allah."

"Sai ka tashe ni in kana iyawa," in ji Juliana. "Nan nika zama har rana ta faɗi."

Ai kuwa ba mai iyawa. Isa ba zai taɓa ta ba, Hosea ba zai ja matar Iliya daga kan buzu ba, buzun kuma shi ne wurin aikin. Dattijo ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce zai kai maganar gaban fasto. Ta ce ya gaishe shi. Rana ta take tsakar gida, zufa na bin wuyanta, wanki na jiƙe a baho, ita kuwa ko gezau. Daga ƙarshe Isa ya naɗe askarsa ya ce yana da wani aiki a Garbadu, a aiko masa da buzun in an gama da shi. Hosea ya bi shi yana girgiza kai.

Juliana ta ci gaba da zama a kan buzun. Ta san ba ta gama komai ba: kwarkwata na nan, kuma dattijo na da gaskiyarsa. Tana laluben ɗankwalinta ta ji motsi. Safa ce ta fito daga bayan randa, ta daɗe tana kallon kan Juliana a buɗe, sannan ta juya ta zauna tsakanin ƙafafunta kamar yadda 'ya'ya mata ke zama gaban uwa. Ta kamo hannun Juliana, wanda ta ciza, ta ɗora a kan kitson.

"Mama, ki tsefe sannu," ta ce. "Nan wajen Inna ta ja shi da ƙarfi."